Jaye Mai Fifitar Radiyo

Jaye ba maƙeri ba ne na gado, ba kuma manomi ba ne na gado, shi ya sa duk rayuwarsa ya yi ta kamar baƙon da bai gama kwance kaya ba. Kakansa ya shigo ƙasar Agiye daga kudu, daga wajen Jibiya, da jaki ɗaya da kayan koli. Ya sauka a Garin Dikko, wani ƙauye da ke gefen hanyar Gazawa, aka ba shi wurin kafa ɗaki. Gona kuwa bai nema ba, don a ganinsa mai jaki ba ya yunwa. Ɗansa ma bai nema ba. Da aka zo kan jika, ƙasar da ke kewaye da gari duk ta yi masu ita, kowane gawo da kowane kalgo an san na gidan wane ne.

Sai Jaye ya tashi da sana'ar hannu. Yana facin kwano da dalma, yana liƙe butar da ta huje, yana yin fitila da gwangwanin madara. Sana'a ce mai kawo gishiri da ɗan goro, amma ba ta taɓa cika rumbu ba. Matarsa Kande ta fi kowa sanin haka, don ita ce ke zuwa gidajen maƙwabta da ƙwarya in damina ta yi tsakiya, tana gaisuwa mai tsawo kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Shi ya sa ranar da wani dattijo mai suna Rabo, can a ƙasar Gangara, ya nuna masa wani yanki na daji ya ce ya sassabe ya noma, Jaye ya rasa bakin godiya. Aro ne, ba kyauta ba, kuma Rabo bai ɓoye masa sharaɗi ba.

"Ƙasa ba ta zaman banza," in ji shi. "Muddin kana shuka ta, taka ce, ba mai tashe ka. Amma duk shekarar da ruwan shuka ya sauka ban ga ƙahwarka cikinta ba, na ba wani. Masu so suna da yawa."

Wurin tafiyar yini ne daga Garin Dikko. Jaye ya shafe rani guda yana fama da saiwar sabara da geza, har tafin hannunsa ya koma kamar ƙirgi. Ya kafa bukka a gefen gonar. Damina biyu ya kwashe iyalinsa suka tare can, damina biyu ya dawo da damman hatsi a kan jakunan aro. A karo na farko tun zuwan kakansa, aka ga rumbu a gidansu wanda ba sayen abin da ke cikinsa aka yi ba. Kande takan fita da safe ta tsaya tana kallonsa kawai.

A ranin da ya biyo baya, shekara biyu ke nan da sauke tutar Faransa, wata mota ta zo daga Maradi ta tsaya ƙofar mai gari. Wani saurayi ɗan lakol, wato ɗan boko, ya fito, ana ce masa Mushe Musa, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya ce gwamnati ta aiko wa Garin Dikko da radiyo, don talakawa su riƙa jin abin da ƙasarsu ke ciki da kunnensu. Aka sauke kaya a gindin ceɗiyar fada. Ga radiyon kanta, ga wani ƙaton ƙaho da aka ɗaure a reshe don murya ta kai nesa, ga baterin babbar mota da sai ƙarti biyu suka ɗauko. Tsakanin baterin da radiyo kuma akwai wani ɗan baƙin akwatin ƙarfe, bai fi kwalin sukari ba, an ɗaure murfinsa da waya an danna dalma mai tambarin gwamnati.

Wata waya ta tsinke wajen sauke kaya, Mushe ya tambaya ko akwai mai dalma a garin. Aka ce a kira Jaye. Da a ce ranar yana kasuwa, da labarinsa ya zama wani daban.

Ya liƙe wayar tsaf, kuma da yake mutum ne mai son sanin cikin abu, ya nuna ɗan akwatin ya ce, "Mushe, shi wanga mi ne ne aikinshi?"

Mushe Musa ya ji daɗin tambayar, don tun da ya fara yawon ƙauyuka ba wanda ya yi masa ita. Ya ce, "Bateri wanga na mota ne, ƙarhinshi goma sha biyu. Radiyo kuwa shida ɗai take ci. In ka ba ta duka, ta mutu nan take. Akwatin ga shi ke tare sauran shidan, ya miƙa mata daidai cikinta."

"To sauran shidan ina suke tahiya?"

"Ba su zuwa ko'ina," in ji Mushe. "Zahi suke zama. Kar dai a zuba mishi ruwa, kar kuma a taɓa dalmar ga. Kayan gwamnati ne."

Ya murɗa maɓallin radiyo, ƙaho ya yi tari, sai ga muryar mutum tana gaishe da jama'a da Hausa tun daga Yamai. Tsofaffi suka amsa gaisuwar. Mota ta tafi.

Abin da ba a faɗa wa mutanen Garin Dikko ba, watakila don su ma masu aikowar ba su sani ba, shi ne an gwada akwatin nan a inuwar buro ne, wato ofishin gwamnati, ba a gindin ceɗiya da azahar ɗin bazara ba. Ba a yi kwana nawa ba, ana tsakiyar labarai, muryar mai magana ta fara shaƙewa kamar mai mura, ta koma ƙara, ta fara yankewa. Mai gari Dikko ya miƙe tsaye, rawaninsa na neman warwarewa. Jaye ya matsa ya ɗora yatsa kan ɗan akwatin, ya janye da sauri yana yarfe hannu. Bai yi wani dogon tunani ba. Abin da ake yi wa kunu mai zafi shi ya yi: ya fizge mafici daga hannun wani tsoho ya shiga fifita. Can sai murya ta washe, ta dawo tangaran.

Jama'a suka ɗau sowa. Mai gari ya zauna, ya gyara rawani, ya ce, "Madalla da Jaye. Daga yau aikinka ne wanga."

Jaye ya yi murmushi har da sunkuyawa. Wawan bawan Allah, ya ɗauka girma aka ba shi.

Radiyo tana magana da azahar, tana kuma yi daga la'asar har rana ta yi ja. Mutane suna zuwa daga tungaye da rugage, a cika gindin ceɗiya har bakin rijiya. Kowa fuskarsa na kallon ƙaho, Jaye kaɗai ne ya ba jama'a baya, yana durƙushe gaban akwati, hannu na kai da komo. In dama ta gaji ya mayar hagu. Duk garin ba wanda ya kai shi kusa da radiyo, ba kuma wanda ya kai shi rashin sanin abin da ta ce, don shi ba magana yake saurare ba, shaƙewar murya yake jira. Aka yi bayanin yadda ake shuka gyaɗa layi-layi, aka yi na maganin ƙwari, aka yi kiɗan da ya sa tsofaffi kaɗa kai, duk suka bi ta kansa suka wuce. Kwanonin mutane suka taru a ƙofar ɗakinsa ba faci.

Ya nemi a riƙa karɓarsa. Aka ba Ɗahiru, ɗan ƙanen mai gari, magidanci mai ƙarfi kamar bijimin sa amma hankalinsa na bin duk abin da ya gifta. Ranar farko radiyon kanta ya yi ta yi wa fifita, ya bar akwati na dahuwa. Rana ta biyu aka sa waƙar noma, ya saki mafici ya shiga tafi. Murya ta shaƙe, mai gari ya kusa shiɗewa. Ba laifin mai gari ba ne ƙwarai: labari ya zo cewa a wani gari can wajen Gidan Rumji radiyo ta ƙone, an kira mai garinsu buro ya yini tsaye a rana. Ko gaskiya ne ko ƙari, Dikko ya gaskata, ya kuwa rantse ba mai ƙara riƙe maficin nan sai Jaye.

To, sai Jaye ya gane cewa in yana son kansa, sai ya kashe zafin nan da dabara. Ya fara da mayar da akwatin cikin zaure, inda rana ba ta kaiwa. Ashe iska ma ba ta kaiwa, abin ya fi da muni. Ya aro randar gidan mai gari, ya jingina bayan akwatin da cikinta mai sanyi. Wannan ya yi aiki, har ya sami hutun rabin labarai, amma randa tana gumi, tsatsa ta fara cin gindin akwati, ya tuna kashedin Mushe ya janye. Matan gidan ma dama sun fara aiko da magana a kan randarsu.

Daga nan ya koma ga abin da ya sani. A wurin aikinsa ya daɗe da lura cewa dunƙulallen ƙarfe yana riƙe zafi, amma in ka buge shi ya yi faɗi, nan da nan yake hucewa. Ya samo wata tsohuwar tukunyar sanholo, farin ƙarfen nan mara nauyi, da gindinta ya cinye, ya yanke ta, ya buge ta ta miƙe, ya tsattsaga gefenta ya lanƙwasa kamar haƙoran mataji. Ya goge tsakiyar da yashi har ta yi sumul don ta kwanta sosai a jikin akwati, ya ɗaure tam da waya. Zafi ya riƙa bin sanholon yana fita ta haƙoran. Da la'asar akwati ya daina neman mafici sam. Da azahar kuwa, in rana ta take, sai an yi masa. Rabin sarƙa ta kwance, rabi na nan, kuma wanda aka ɗaure da rabin sarƙa ɗaurarre ne.

Ana haka gabas ta fara haɗa gira. Iska ta juya, ceɗiya ta yi sabon ganye, kowane gida aka fito da sungumi ana gyara ƙota. Wani mai sayar da kanwa ya zo daga Gangara ya ce wa Jaye Rabo na gaishe shi, ya kuma ce a faɗa masa mutum biyu sun riga sun zo tambayar gonar.

Kande tana da tsohon ciki a lokacin, ko rijiya da ƙyar take zuwa. Ta ce, "Mai gida, bana ni ba ni iya bin ka sai na sauka. Kai ɗai ne. In ka zauna kana yi ma ƙarhe fifita har ruwa ya sauka, mi za mu ci? Labarai?"

Ya tafi wurin mai gari ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, damina ta kawo kai. Gonata na nesa, kuma aro ce."

Dikko ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a wurin talaka bambancin kaɗan ne. Ya yabi Jaye, ya yabi ubansa, ya yabi kakansa da jakinsa. Ya ce garin nan bai taɓa mantawa da wanda ya yi masa hidima ba. Sa'annan ya ce, "Ka jira Mushe shi zo. In ya ce a sake ka, ni mi ne nawa?"

Jaye ya fito zuciyarsa kamar ta fashe. Ba a ɗaure shi ba, ba a kulle shi ba, ga hanya nan shimfiɗe har Gangara. Amma jikan baƙo da ke zaune a filin da aka ara wa kakansa ba ya take maganar mai gari ya kwana lafiya, ya kuma bar mace mai ciki a garin. Ya koma gindin ceɗiya ya ɗauki mafici, yana jin tsanar ɗan akwatin nan kamar mutum ne.

Allah ya taimake shi, Mushe Musa ya biyo ta garin ranar kasuwa, a motar gyaɗar da ke kawo cikakken bateri ta tafi da wanda ya ƙare. Ya ga sanholo, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi abin ya yi, a Maradi ma irin wannan ake sawa, sai dai nasu ya fi kyan gani. Jaye bai yi dariya ba. Ya faɗa masa zancen gona daga farko har ƙarshe.

Mushe ya tsuguna gaban bateri. Ya ce, "Fifita da sanholo duk korar zahi suke bayan ya zo. Maganin shi ne kar a ba akwatin abin da ya hi ƙarhinshi tun farko. Dubi nan." Ya nuna masa murafe shida a kan baterin, da guntayen dalma da suka haɗa su a fili. "Ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki biyu yake badawa. Radiyo na son shida, akwati na son ɗan ƙari kaɗan don shi yi aikinshi. In ka kama ɗaki huɗu, takwas ke nan. Biyu ɗai za shi ƙona, ba shida ba."

Ya cire ɗan matsen ƙarfe mai haƙora da ke bakin waya, wanda mutanen gari ke kira bakin kada, ya maƙala shi a dalma ta huɗu. Radiyo ta ci gaba da magana kamar ba a yi komai ba.

"Amma ka kiyaye," in ji Mushe. "Yau ka kama huɗun gabas, gobe huɗun yamma, don kar wasu ɗakuna su ƙare su bar wasu. Kuma wanga ba ya cikin takardar da anka ba mu. Tsakanina da kai ne."

Ranar Jaye ya zauna tun azahar hannuwansa a kan gwiwa. Rana ta take, ƙasa na ƙuna, akwati kuwa ɗumi kawai ya yi, irin na goshin yaro mai lafiya. A karo na farko ya juyo ya kalli ƙaho tare da jama'a. Hawaye ya ji suna neman zubo masa, ya sunkuyar da kai kamar mai gyara takalmi.

Sai dai jama'a ba su ji daɗi ba. Wata da watanni sun saba: in akwati ya ɗau zafi, to radiyo na aiki. Tsofaffi kan zo su kai hannu kusa da shi su ce, "Ya ɗauka, yanzu za ta yi magana," kamar yadda ake duba murhu. Yanzu suka zo ɗaya bayan ɗaya suna taɓawa suna taɓe baki. Wani ya ce an rage mata abinci. Wani ya ce shi dai a kunnensa muryar ta rame. Jaye ya yi bayanin ɗaki shida da ɗaki huɗu har bakinsa ya bushe, aka yi ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma ba ya son gardama.

Mai gari ya sake shi, ba da son ransa ba, don Mushe ya sa baki kafin mota ta tashi. Jaye ya ɗaura jan zare a dalmar gabas, baƙi a ta yamma, ya kama hannun Ɗahiru ya nuna masa har sau ba adadi. Ya ce, "Fifita ta ƙare. Wanga ɗai ne aikin. Yau ja, gobe baƙi." Ɗahiru ya ce ko jaki ya gane. Washegari da sassafe Jaye ya saɓa sungumi, ya ɗora buhun iri a ka, ya kama hanyar Gangara yana tafiya kamar wanda ake bi.

Ya tarar da gonarsa na nan. Ya gaida Rabo, ya gyara rufin bukka, ya rataye iri a ciki, ya ƙone 'yan kututturan da suka rage. Kullum hadari na haɗuwa yana watsewa. Bai damu ba, yana inda ya kamata ruwa ya same shi.

A Garin Dikko kuwa, Ɗahiru ya yi ja da baƙi na 'yan kwanaki, sa'annan ya fara mance wanne ya yi jiya. Bakin kada ya zauna a gabas, ɗakunan gabas suka yi rauni, murya ta fara yin ƙasa. Ya taɓa akwati ya ji shi sanyi ƙalau. Tsofaffi suka ce ai dama sun faɗa, yunwa ce. A daidai lokacin kuma aka ce wani babba zai biyo ta hanyar zuwa Gazawa, watakila ya tsaya. Mai gari ya dubi tsohuwar tukunyar da ke ɗaure a jikin kayan gwamnati, kunya ta kama shi, ya ce a kwance ta a ɓoye. Motar gyaɗa ta kawo sabon bateri cike taf. Ɗahiru ya ɗauki bakin kada ya kai shi can ƙarshe, inda yake tun ranar farko, ya ba akwati ɗaki shida cif. Murya ta tashi har rijiya. Akwati ya ɗau zafi, kowa ya taɓa ya ce alhamdu lillahi, yanzu ta ƙoshi. Mafici kuwa ba wanda ya nema, tun da Jaye da bakinsa ya ce fifita ta ƙare.

Ana tsakiyar kiɗan 'yan kokawa murya ta shaƙe. Kafin a samo mafici wani wari ya tashi, kamar na gashin da ya faɗa wuta. Ƙaho ya yi shiru. Babban da ake jira ma bai tsaya ba, ƙurar motarsa kawai aka gani.

Ɗahiru da wani suka iso gonar a kan dawaki da hantsi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na ɗauke da ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga wani wuri.

"Baba ya ce ka zo yanzu. Radiyo ta mutu, kuma kai ne ka sauya mata waya."

"Ɗahiru, dubi sama," in ji Jaye. "Don girman Allah ku ba ni kwana biyu. In shuka, in biyo ku da ƙahwata."

"Ni aike ne. In jandarma sunka zo ba ka nan, wa za a nuna?"

Ya roƙa har ya durƙusa a cikin gonarsa, gaban mutumin da bai iya bambance ja da baƙi ba. Ɗahiru ya kau da kai, don shi ma tsoro ne fal cikinsa. Jaye ya ja ƙyauren bukka, ya hau bayan doki.

Ba wanda ya zage shi a Garin Dikko. Mai gari ya ce kawai kada ya fita gari sai mutumin buro ya zo ya gani, ya ji bayani daga bakin wanda ya taɓa. Jaye ya ce a kira Mushe Musa, shi ne shaidarsa. Aka ce an mayar da Mushe Damagaram.

Washegari da la'asar ruwa ya sauka, irin wanda manomi ke roƙo, mai nauyi, ba iska. Da gari ya waye duk wanda ke iya ɗaga sungumi ya fita, maza na sara, mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa. Gari ya zama kango. Jaye na zaune a zauren mai gari, gefen mataccen akwati, yana jin muryoyinsu daga gonaki. Ya nemi wanda zai aika Gangara ya shuka masa ko da rabi, amma wa zai bar tasa gonar ranar shuka ya tafi ta wani? Ba shi da wa, ba shi da ƙane, dangin ubansa suna can hayin iyaka ba su ma san shi ba. Kande ta ce ita za ta tafi ko da rarrafe. Ta kai bakin gari naƙuda ta mayar da ita. Namiji ta haifa, aka yi suna ba armashi.

Ruwa na biyu ya zo ya wuce. Hatsi ya tsiro a gonakin gari, ya yi kunnen kura, aka fara noman farko. Kullum Jaye na fita bakin hanya ya tsaya yana duban yamma, inda motar Maradi ke ɓullowa, daga nan ya juya ya dubi hanyar Gangara, ya koma zaure.

Da mutumin buro ya zo, wani ne daban, mai ƙiba, yana sauri. Mai gari ya fara jawabin da ya kwana biyu yana shiryawa, ya nuna Jaye. Mutumin bai ko dubi inda aka nuna ba. Ya ɗaga akwati, ya ga dalmar gwamnati na nan ba a taɓa ba, ya shinshina, ya ce, "Irin waɗanga duk haka suke yi, wanga ne na nawa da na kwaso. Ƙasarmu ta hi ƙarhinsu. Za a aiko da wani iri." Ya jefa shi bayan mota. Ko furar da aka dama masa bai tsaya ya shanye ba.

Mai gari ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. Ya juyo ya ce, "To Jaye, ka ji. Ashe ba laihin kowa ba ne. Kana iya tahiya."

Ya tafi, ko da yake ya san abin da zai tarar. Tun daga nesa ya hango gonar kore shar, hatsi ya kai gwiwa, layi-layi, a ƙasar da ya cire wa saiwa da hannunsa. Hayaƙi na fita daga bukkarsa. Wani mutum ya ɗago daga noma, ya ajiye hauya ya taho. Tala ne, surukin Rabo, mutumin kirki mai 'ya'ya da yawa. Ya gaishe shi hannu biyu, ya kai shi inuwa, ya kawo masa ruwa.

"Baba Rabo ya jira ka ruwan farko," in ji Tala, idonsa a ƙasa. "Ya jira na biyu. Ranar da ya ce in shiga, wallahi bai ci tuwo ba. Ka yi haƙuri."

Jaye ya ce ba komai, ƙasa ba ta yi laifi ba, Rabo ma bai yi ba. Tala ya shiga bukka ya fito da buhun iri, ɗaure yadda aka bar shi, ko tsaba ɗaya bai taɓa ba. Suka zauna a inuwa. Can sai Tala ya gyara zama ya ce, "Kai da ke kusa da radiyo, mu nan ba mu jin komi. Mi ake ciki a ƙasar?"

Jaye ya buɗe baki, ya laluba kansa, bai sami ko labari ɗaya ba. Ya ce, "Lahiya lau ake."

Bai ƙara samun gona ba. Ya koma kan dalmarsa da gwangwanayensa har ƙarfinsa ya ƙare, ɗan da aka haifa a daminar nan ma a birni ya yi rayuwarsa, yana dako. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar dai, ya ɗora buhun a ka ya juyo, ya iso gida washegari rana na faɗuwa, ya sauke shi a tsakar gida. Kande ta fito da jariri a baya. Ta dubi buhun, ta dube shi. Rumbu ya riga ya yi ƙasa, yara tun safe kunu kaɗai suka sha. Ta tsuguna ta kwance bakin buhun, ta ɗebi irin da ya zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka, ta zuba a turmi.